Noti Goma Sha Huɗu da Gwiwar Hannun Wak Kasmuri

"Wannan gwiwar hannun da kuke gani," in ji Wak Kasmuri, yana naɗe hannun rigarsa, "a Singafo sai da wani Bajapane ya roƙe ni in sayar masa da ita. Na ce a'a, gado ce. In na ɗaure noti, ita ke gaya mini ya isa. Inji kuwa, ko na jirgin sama ne, ku rufe mini ido, in kwance shi in mayar kafin kofin nan ya huce!"

Abokina, ko ba ka san Wak Kasmuri ba ka san irinsa, don kowane gari da nasa. Namu na Parit Samijan, a jihar Johor, wanda muke kira Wak kamar a ce Kawu, gajere ne, tumbi a gaba, gashin baki kamar burushin goge takalmi. Kullum da safe yana shagon kofi na bakin gada, ya sa gasasshen burodi a gaba, ya tsare bayin Allah da labarin shekarun da ya yi yana gyaran motocin tsere a Singafo. Maganar gaskiya wata uku ya yi a can, aikinsa kuma wankin mota ne a ƙarƙashin wani otal. Kowa ya sani. Amma wa zai fasa ƙwan, alhali dariya kyauta muke sha da kofi?

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. In za a yi biki a garinmu sai an yi rewang, dangi da maƙwabta su taru a raba aiki: wane shinkafa, wane yankan nama, wane kafa rumfa. To, shekara ashirin da biyu ke nan da ya auri Poniah, kuma duk rewang aikinsa ɗaya ne: dafa ruwan shayi. Can bayan gida, kusa da akurkin kaji, daga shi sai tukunya sai hayaƙi. Sau ɗaya aka taɓa gwada shi a shinkafa, mutum ɗari uku suka ci ƙanzo. Tun daga nan aka mayar da shi bakin tukunyarsa, a bayan idonsa kuma ake kiransa Wak Tafasa.

Sai ga bikin Hairul, ɗan Haji Marsidi. Shi Haji yayan Poniah ne, mai gonar kwakwar manja, mutum mai tsadar magana. A rumfar gefen gidansa akwai wata tsohuwar mota ja, 'yar Japan, mai ƙofa biyu da silinda shida, irin mai ɗaga fitilu sama in an kunna. Da ita ya ɗauko amaryarsa Tumirah shekara talatin da suka wuce. Bara waccan da ciwo ya kwantar da ita, ta ce masa, "In Hairul zai yi aure, a kai shi gidan amarya a jar motar nan." Ba ta tashi ba. Haji ya riƙe maganar, har ya faɗa wa dangin amarya cewa ran Lahadi jar mota za su gani a bakin rumfarsu.

Ran Litinin aka yaye tampol, aka kunna ta. Ta tashi da gurnani, mutane suka yi murna, amma ba a jima ba farin hayaƙi ya fara tuttuɗowa daga salansa. Ruwan lagireto ya yi ƙasa. Aka zaro sandar duba baƙin mai, sai ga shi ya koma kalar shayi mai madara. Haji ya aika aka kira Tauke Teo, tsohon bakaniken nan na hanyar Muar, wanda ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi.

Tauke ya sunsuna, ya laƙato man da yatsa, ya girgiza kai.

"Haji, gaskit ya ƙone. Shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai raba wuta da ruwa da mai. Yanzu duk sun haɗu suna zumunci. Ciwon irin waɗannan motocin ke nan: lambar da aka rubuta a tsohon littafinsu ta yi kaɗan, ba a matse notocin kan injin yadda ya kamata ba, shekara ta bi shekara sai su saki."

"To, mene ne magani?"

"A kai kan injin Batu Pahat a goge shi ya daidaita, don zafi ya lanƙwasa shi. A sayo sababbin notoci goma sha huɗu, tsofaffin sun miƙe. A ɗaure da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, kaɗan-kaɗan. In noti ya kai lambarsa sifanar za ta ce ƙas, sai ka tsaya. Mako biyu."

"Ran Lahadi ne bikin, Tauke."

"Na sani, ai an ba ni kati. Ga farar motar ɗana, a ɗaura mata fure."

Haji ya tsaya yana shafa rufin motar. Duk wanda ke wurin ya ji tausayinsa.

Wak Kasmuri kuwa yana nan a gefe, ya zo duba tukunyar ruwan da za a ba shi. Duk dogon bayanin nan na Tauke, kalma huɗu ce ta shiga kunnensa: ba a matse ba. Sauran ya bi iska. Ya jefar da murfin tukunya, ya kutso tsakiyar mutane.

"Mako biyu? Abang Haji, mako biyu a kan matse noti? A Singafo muna yin wannan tsakanin azahar da la'asar! Ba su matse ba, mu sai mu matse. Ina abin wahala a nan?"

Tauke ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "Wak, matsewa da lamba ake yi. In ta yi kaɗan ya saki, in ta yi yawa ya tsinke."

"Sifanarka na cewa ƙas, ko? Gwiwata ma tana cewa ƙas."

"To, in ara maka sifanar dai, ku zama ku biyu."

"Sanda ta makaho ce, Tauke. Mai ido me zai yi da ita?"

"Madalla," in ji Tauke, yana goge hannu. "Gaskit kam akwai a shagona, ka aiko a ɗauka. Ran Lahadi zan zo da wuri, in sami kujerar gaba."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Haji ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙa wa mijin ƙanwarsa makulli.

"Amma da sharaɗi, Abang Haji," in ji gogan. "Ni zan tuƙa ango har bakin rumfa. Ruwan shayi kuma a nemi wani, na yi ritaya."

Da labari ya isa gida, Poniah ta ajiye wuƙar yankan albasa. Ita mace ce da ba ta zagi, tambaya kawai take yi, amma gara zagin. Abang take kiransa, wato yaya, yadda matan garinmu ke kiran mazajensu.

"Abang, fankar ɗakinmu da ka kwance tun azumi, har yanzu tana cikin buhu, ko ka mayar ban lura ba?"

"Fanka aikin 'yan koyo ne."

"Keken ɗinkina fa, da yake ɗinki da baya?"

"Ke dai ki tanadi kayan da za ki sa ran Lahadi. Matar direban ango ba ta zama a bayan gida."

Ran Talata aka turo motar ƙarƙashin bishiyar rambutan, aiki ya kankama. In ba ka ga Wak Kasmuri ran nan ba, ba ka ga injiniya ba: tawul a wuya, fensir a kunne, ko da yake ba abin da zai rubuta. Kwana biyu ya yi kafin ya ciro kan injin, da taimakon masu kafa rumfa su huɗu. Batu Pahat? Ina! Ya kifa shi a kan murfin rijiya, ya bi shi da sanfefa, ya hura, ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ce ya fi madubi daidaito. Tsofaffin notocin nan kuma ya wanke su da kananzir suka yi ƙyalli, ya ce ga su sababbi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zo ɗauri, 'yan kallo sun cika gindin bishiya. Maganar tsakiya zuwa gefe, da maganar zagaye uku, duk ya bar wa Tauke kayansa. Ya fara daga noti na gaba, ya murɗe shi iya ƙarfinsa, sannan ya wuce na biyu. Da ya ga sifana ta yi masa gajarta, ya je ya yanko dogon bututun ƙarfen da ake yi wa laujen girbin kwakwa ƙota, tsawonsa ya kusa kai shi, ya zura a hannun sifanar.

"Kun ga wannan? Sirrin masu tsere ke nan. Ba a littafi yake ba."

Na ɗaya ya yi ƙara, na biyu ya yi kuka, haka dai har ya iso na takwas, wanda ke tsakiyar inji. Nan ya tofa yawu a tafi, ya kama ƙarshen bututu, ya rataya da dukkan tumbinsa har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Ƙas!

Wak Kasmuri ya zube a kan ganye. Sai Haji Marsidi ya miƙe daga kujerarsa a baranda, baki buɗe.

"Subhanallahi! Kun ji? Gwiwar ta ce ƙas! Ashe da gaske ne!"

Jama'a suka ɗauki tafi. Wani har ya zo ya taɓa gwiwar don neman albarka. Shi kuwa gogan, yana kwance, idonsa ya faɗa cikin bakin sifana, ya ga abin da ya ce ƙas ɗin: kan noti ne, ya tsinke ƙat, gindinsa na can ƙasa cikin inji. Amma ta yaya mutum zai tashi cikin tafi ya ce, ku tsaya, ɓarna na yi? Ya lallaɓa ya zare kan notin, ya sa a aljihun wando, ya miƙe yana shafa gwiwa yana murmushi.

"Goma sha uku ma ai jama'a ne," ya ce a ransa. Ya ƙarasa sauran da sauri, ya kifa murfi a kansu kafin wani mai ido ya ƙirga.

Ran Asabar da hantsi aka gwada. Mota ta tashi, ta yi gurnani, ya kai ta bakin gada ya dawo yana ɗaga wa mutane hannu. Haji ya juya baya yana share ido. Sai da kowa ya koma bakin aikinsa, mota ta huce, Wak Kasmuri ya buɗe lagireto. Ruwa ya yi ƙasa da ɗani guda. Ya cika, ya sake kunnawa, sai ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul.

Da wani ne, da ya je ya sami Tauke ya ce, na tuba. Shi kuwa sai ya tuna wani tsohon direban lori da ya taɓa ce masa in lagireto na yoyo a daji, a fasa ƙwai biyu a zuba farin da ɗan masoro, zafi ya dafa shi ya toshe ramin. Ramin lagireto mutumin yake nufi, ba ciwon da ke cikin inji ba. Amma Wak Kasmuri ba ya ɗaukar magana da jelarta.

Ina za a sami ƙwai? Ai ranar rewang ce! Kiret-kiret na ɗanyen ƙwai ne jibge a baranda ta baya, don a bikinmu duk baƙon da ya yi wa ango da amarya addu'a sai an ba shi dafaffen ƙwai a cikin 'yar raga, ɗaure a jikin fure. Mai kula da ƙwan nan kuwa Poniah ce. Ya jira mata suka shiga sallar azahar, ya sunkuci kiret guda, ya bi ta bayan ayaba.

"In lori mai tafiyar kunkuru na cin biyu," ya ce, "motar tsere ai sai talatin." Ya fasa su duka, da fari da gwaiduwa, ya bi da masoro cikin tafi, ya rufe. Ɓawon ya tona rami ya binne.

Kafin la'asar bayan gida ya kaure.

"Kiret guda! Yanzun nan na bar shi a nan!"

"Guza ne," in ji wata tsohuwa. "Na kwatar nan. Ranar nan ma ya ɗauke mini kaza."

"Shi ne!" in ji Wak Kasmuri, wanda ba a tambaya ba. "Da idona na gan shi. Ya kai tsawon ƙofar nan, yana tafe yana lasar baki."

Poniah ta juyo. "Har da kiret ɗin ya haɗiye, Abang?"

"Guzan zamani ne, me ba za su yi ba?"

Ta dube shi, ta koma kan aikinta. Ya koma gida yana fito, ya tuɓe wandon aiki ya jefa mata a kwandon wanki.

Lahadi ta zo da rana mai dukan ƙeya. An wanke mota, an zagaye ta da ƙyallen ado, an ɗaura fure a goshinta. Hairul ya fito cikin kayan songket masu zaren zinari, da wuƙar ado a ƙugu, ya sunkuya ya shiga. Wak Kasmuri ya sha sabuwar hula da baƙin tabarau, ya murza makulli. Mota ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi atishawa.

"A ɗan taɓa ta," ya ce da abokan ango. "Motar tsere ta asali da turi ake tayar da ita. Ba ku kallon talabijin ne?"

Aka tura ta tashi. Nan ya san abu ɗaya: in ya kuskura ya kashe ta, sai dai a lahira.

Kilomita goma sha biyu ne zuwa ƙauyen amarya, ta cikin gonakin kwakwa, motocin dangi a jere a baya. Ba a yi rabi ba allurar zafi ta fara hawa. Wak Kasmuri ya tsinko fure ɗaya ya soke a gaban agogon, don abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damuwa da shi.

"Wak," in ji Hairul, yana sunsuna iska, "ba ka jin ƙamshi? Kamar ana dafa ƙwai."

"Yunwar ango ce. Ni ma ranar nawa ƙamshin kifi na riƙa ji."

"Wak, ƙafata na zafi."

"Ɗoki ne, ɗana. Yi salati."

Da tafiya kawai za a yi, da watakila an sha da ƙyar. Amma gogan naka ya manta a Johor yake, inda ba a barin ango ya isa rumfa sai ya biya kuɗin shinge. A bakin gadar ƙauye samari suka ja igiya, aka miƙa musu ambulan ɗin kuɗi, suka buɗe hanya. Masu kompang suka zagaye motar da bandirinsu, tafiya ta koma ta ƙafa. A gaba kaɗan kawunnan amarya suka gitta benci, aka yi raha, aka biya. Rumfa na can a saman ɗan tudu, taki ashirin, ana hango kujerun ango da amarya. Wak Kasmuri har ya fara shirya yadda zai fito ya ɗaga hannu.

Sai ga shinge na uku: mata, sun ja zane sun tare hanya. A gabansu Mak Long Saleha, babbar gwaggon amarya, tsohuwar malamar makaranta, cikin farin leshi. Wata uku ta yi tana rubuta baitoci don wannan rana, ga littafin nan a hannunta, kuma ba mai wucewa sai an amsa mata kowane baiti da baiti. Ta gyara tabarau, ta tsaya daidai hancin mota.

"Kwalekwalen kwakwa ya taso Muar,
Ya sha ruwa bai kai gaci ba.
Mai jar mota, me kake nema,
Da ba ka tsaya ka yi sallama ba?"

Mata suka yi guɗa. Mai amsawa na ɓangaren ango ya yi gyaran murya, ya fara lalube. Aka yi baiti na biyu, aka yi na biyar. Ta juya shafi. A cikin mota kuwa furen da ke gaban agogo ya yi yaushi ya faɗi, sai ga allura ta wuce ja tana neman hanyar fita. Wak Kasmuri ya leƙo ta taga, gumi na zuba daga gashin bakinsa.

"Mak Long, don Allah a taƙaita! Motar tsere ba ta son tsayuwa!"

"Mu shekara ashirin da shida muka yi muna renon 'yarmu, ba mu yi gaggawa ba. Direba, ja bakinka. Saura shafi huɗu."

"Ga ambulan biyu!"

"Riƙe kayanka. Baiti nake so."

Nan ne shaiɗan ya raɗa masa shawara ta ƙarshe: ka ɗan taka mata totur, in ta ji rurin inji za ta kauce. Ya taka. Motar ta yi ruri irin wanda ba ta yi ba tun zamanin ƙuruciyarta, ya ji daɗi, ya ƙara takawa.

Fuuum!

Tiyon lagireto ya fashe. Tururi ya turnuƙe ta ko'ina, ta hanci, ta gefen bonet, ta ƙarƙashi, farin hayaƙi kuma ya biyo ta salansa ya rufe masu kompang. Inji ya yi shaƙuwa sau biyu ya mutu. Allah ya tsare ba wanda ya ƙone. Amma da tururin ya lafa, sai ga wani abu fari da rawaya yana saukowa daga sama, gutsi-gutsi, a kan hulunan mutane, a kan bandiri, a kan farin leshin Mak Long Saleha da littafinta. Ƙamshin ƙwai da masoro ya cika ƙauye, har wasu suka fara atishawa.

Tauke Teo ya taso daga kujerar gaba, farantin shinkafar biryani a hannu. Ya sa tsumma ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Shekara arba'in ina gyaran mota," ya ce, "ban taɓa ganin wadda ta yi ƙwai ba."

Poniah ta fito daga motar baya, ta tsinci gutsure ɗaya a kafaɗar Mak Long, ta sunsuna. Ta juya wajen matan rewang, ta nuna mijinta da haɓa.

"Ga guzanku nan, da tabarau."

Dariyar da aka yi, har amarya sai da ta leƙo. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Haji Marsidi ya tako a hankali, ya ciro hankici yana goge ƙwan da ke kan fitilar motar. Ya dubi rumfa, taki ashirin. Dariya ta mutu da kanta, don kowa ya san abin da ke ransa. Hairul ya kama ƙofa zai fito.

"Zauna," in ji Haji. "Uwarka cewa ta yi a kai ka a jar mota. Ba ta ce inji ne zai kai ka ba. Tauke, don Allah kama sitiyari." Sannan ya juya. "Kasmuri, kai ka ce har bakin rumfa. Hannun nan da Bajapane ya nema, sa shi a bayan mota."

Samari suka matso za su taimaka, Haji ya ɗaga yatsa ɗaya, suka koma.

Mak Long ta kauce ba baiti ba ambulan. Masu kompang suka karkaɗe bandiri suka ɗauki kiɗa. Wak Kasmuri kuwa ya dafa bayan mota, ya sunkuyar da kai, yana turawa yana nishi, tudu na turo shi. Hula ta faɗi, tabarau ya bi ta, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. Taki goma, taki goma sha biyar. A taki na ƙarshe, da ya tattara ɗan sauran ƙarfinsa ya ingiza, gwiwar hannunsa ta dama ta ce ƙas, da ƙarfi, kowa ya ji. Ya ƙwalla ihu ya durƙusa.

Tauke ya ja birki, ya leƙo ta taga. "Ya kai lambarsa, Wak. Tsaya haka nan."

Hairul ya fito daga jar mota a bakin rumfa, aka buɗa masa laima. Haji ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe bai buɗe ba.

Bayan an ci an sha, dangi suka bi layi suna yi wa ango da amarya addu'a, kowa ya gama Poniah ta miƙa masa furensa da ƙwai. Wak Kasmuri ya zo ƙarshen layi, hannu rataye a wuya da ƙyallen adon mota. Ko a haka bai fasa ba, yana gaya wa na kusa da shi cewa tiyon ne jabu, aikinsa kam ba inda ya gaza. Poniah ta miƙa masa nasa furen, ya ji ragar ta yi nauyi. Ya kwance a gaban jama'a, sai ga kan noti, an wanke shi tas.

"A aljihunka na tsinta, Abang," ta ce da murya mai daɗi. "Na ce ko ƙas ɗin ran Juma'a ne ya faɗo daga gwiwarka."

Tauke ya karɓa, ya juya shi, ya miƙa wa Haji. Haji ya dube shi, ya dubi mijin ƙanwarsa, kowa na jiran tsawa. Sai ya dafa kafaɗarsa.

"Kasmuri, mun zalunce ka. Shekara ashirin da biyu muna ba ka ruwa kawai, ba mu san baiwarka ta wuce nan ba. An yi maka ƙarin girma. Daga rewang mai zuwa, ruwan naka ne, ƙwan ma naka ne. Amma don Allah a tukunya."